Ƙwaƙwalwa kan yi ciniki kafin ta motsa hannu

A makaranta mun haddace ƙashi da tsoka da jijiya, amma darasin da ya fi yi mini amfani a sashen gashin ƙashi daga binciken birai ya fito.

Masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz ya shafe shekaru a Jami'ar Fribourg ta ƙasar Suwizalan yana bibiyar ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri masu fitar da dofamin, wani sinadari da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. In aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki ba zato ba tsammani, sai ƙwayoyin su zabura. In ya saba cewa wani haske kan kunnu kafin ruwan ya zo, sai zaburar ta koma kan hasken, ruwan kuwa ko da ya iso ba su kula shi. Ranar da hasken ya kunnu aka hana ruwan, sai su yi tsit daidai lokacin da ya kamata ya iso. A 1997 shi da Peter Dayan da Read Montague suka bayyana cewa abin da ƙwayoyin ke aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka sa rai da abin da aka samu.

Abin da ya shafe ni kai tsaye shi ne aikin wani masanin ƙwaƙwalwar, Okihide Hikosaka, da abokan aikinsa. Biri zai kai dubansa ga wani ɗigon haske. In ɗigon yana ɓangaren da ya san akwai lada, idon ya fi saurin tashi kuma ya fi saurin isa. Tsokar ido ɗaya ce, nisan ma ɗaya ne, sa rai kaɗai ya canza.

To, cutar Parkinson, wadda muke kira cutar karkarwa, waɗannan ƙwayoyin na dofamin take kashewa. A 2007 Pietro Mazzoni da John Krakauer suka nuna cewa masu cutar suna iya miƙa hannu da sauri kuma su dace da inda aka nuna musu kamar masu lafiya, sai dai ba kasafai jikinsu ke zaɓar yin saurin ba. Ƙwaƙwalwa ce ke ganin motsin ya yi tsada a kan abin da za a samu.

Shi ya sa ba na yawan ce wa majinyaci ya ɗaga hannu sau goma. Wani dattijo da nake dubawa, in aka ce ya ɗaga hannu sai ya tsaya a rabin hanya, yatsu na rawa. Na ajiye buta a kan teburi na ce, "Baba, an kusa kiran la'asar, ɗauko mu ga alwala." Hannun ya tafi, a hankali dai, amma ya kai har ya kama mariƙin. Ɗansa da ke tsaye ya ce, "Ka gani ko, likita? Wallahi in ya ga dama yana yi." Wannan maganar ita ce na fi tsoro a bakin iyali, domin daga nan ake fara zargin marar lafiya da son jiki. Sai da na zaunar da shi na yi masa bayanin biran nan, kuma na ga ya fi gane su fiye da sunan cutar.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗa wa iyali ba. Wasu magungunan da ke kwaikwayon dofamin, irin su pramipexole, kan sa wasu majinyata su faɗa caca ko sayayya ba kan gado ko cin abinci ba ƙoshi, tunda sinadarin da ke sauƙaƙa motsi shi ne kuma ke kambama ladan da ake hange. Ba ni ke rubuta magani ba, amma ni ke ganinsu kowane mako, don haka nakan keɓe matar gida ko babban ɗa in tambaya ko hannun Baba ya buɗe da kuɗi fiye da yadda aka san shi. In aka ce e, a ranar nake rubuta wa likitan jijiya takarda.