Yadda Na Koyi UX ta Intanet Bayan Shekaru Ina Zanen Fosta

Masu zane irina, da muka taso da manhajar zane ta CorelDRAW a Kano, alƙalinmu ɗaya ne: mai aiki. Ango ya kawo katin ɗaurin aure, ɗan takara ya kawo fosta, Islamiyya ta kawo kalandar sauka. Da mai aiki ya duba ya ce "ya yi", shi ke nan, sai wurin bugawa. Ba wanda zai sake tambayar ka ko mutane sun iya karanta adireshin da ka matse a ƙasan katin.

Abu biyu ne suka tura ni neman wani ilimin. Na farko, Canva ta cinye ƙananan ayyukan da muke samun na cefane da su, kowa ya zama mai zane a wayarsa. Na biyu shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira. A lokacin ne na ga dattawa da 'yan kasuwa, mutanen da ke lissafin miliyoyi da ka, suna miƙa wa yara wayoyinsu don a tura musu kuɗi. Manhajojin kuwa ba su da muni, launi ya zauna, tambari ya fita. Amma mutum ya danna, bai san ko kuɗin sun tafi ba, ya sake dannawa. A idon mai zane babu abin gyara, alhali kuwa abin ba ya yi wa mutane aiki. Wannan giɓin shi ne fagen UX: tsara abu ta yadda mai amfani da shi zai cim ma bukatarsa ba tare da ya sha wuya ba. Wani masani, Don Norman, shi ne ya yaɗa sunan fannin lokacin da yake kamfanin Apple a shekarun 1990.

Kwas ɗin Google na UX da ke Coursera, dandalin karatu ta intanet, na ɗauka, wanda aka buɗe a 2021, a lokacin kashi bakwai ne. Katin naira a lokacin ba ya biyan dala yadda ya kamata, don haka na bi ta hanyar tallafin da Coursera ke bayarwa: ka rubuta dalilinka, ka jira kamar mako biyu, kuma kowane kashi da nasa neman. Bidiyoyin nakan sauke su da dare in data ta yi araha. Ba sai na ja zancen wuta ba, kowa ya san halin da ake ciki.

Figma, manhajar da ake zana fuskar manhajoji da ita, ba ta ba ni wahala ba. Wanda ya san tazara, jeri da nauyin rubutu ya riga ya yi rabin tafiya, ga shi a burauza take aiki, tsohuwar kwamfutata ma ta ɗauka. A lokacin akwai darussan Adobe XD, kishiyar Figma, a kwas ɗin, sai dai Adobe ta daina ƙara mata sababbin abubuwa, kuma yunƙurinta na sayen Figma a kan dala biliyan 20 ya rushe a Disambar 2023. Shawarata ga mai farawa, ya zuba ƙarfinsa a Figma kawai.

Inda aka kama ni shi ne jinkirin. Ana daɗewa ba a bar ka ka taɓa launi ba. Sai hira da mutane, sai rubuta matsalarsu a jimla guda, sai zanen akwatuna da layuka da fensir a takarda. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Daga baya na gane hikimar: zanen da ka ɓata dare kana ƙawatawa ba ka iya yar da shi, na fensir kuwa ko a jikinka.

Aikin gwajina manhajar adashi ce. Misalan kwas ɗin sun fi karkata ga rayuwar Amurka, ni kuwa ina da uwar adashi a unguwa, mai littafi da biro, ta san wa ya yi zubi, wa ya tsallake, wa ke da kwasa ranar Juma'a. Da na kai mata samfurin a waya, ta juya shi ta ce, "Kai, ɗan nan, Allah ya yi albarka, ai ya yi kyau." Na ce, "Hajiya, akwai abin da za a gyara?" Ta ce, "Wane gyara kuma? Ka yi ƙoƙari."

Nan ne darasin da ya fi kowane tsada. Mu mutane ne masu kara. Ba wanda zai dubi idonka ya kushe abin da ka wahala a kansa, balle babba ga yaro. Idan ra'ayi ka tambaya, addu'a za ka samu, kuma ba ta nuna maka maɓallin da ya ɓace. Kwas ɗin ya koyar cewa aiki ake ba mutum, ba tambayar ra'ayi ba, amma sai a tsakar gidan nan na san nauyin maganar. Na ce, "Hajiya, ki nuna mini yadda za ki gano wanda bai yi zubin jiya ba." Na kame bakina. Ta yi ta neman sunaye, ni kuma na jera mutane da lamba. Alamar layuka uku da ke kusurwa, wadda mu muke ɗauka kowa ya san jerin zaɓi ce, ko kallonta ba ta yi ba. Da ta so tuna wa wata bashi, sai ta nemi inda za ta danna ta yi magana, don ita saƙon murya ta sani a WhatsApp, ba rubutu ba. Yin shiru a irin wannan lokaci, kana ganin yatsa na wuce wurin da ya kamata, ya fi koyon kowace manhaja wuya. Na kuma koyi cewa "wani ne ya zana, ni gwadawa kawai aka ba ni" yana sakin bakin mutane, ko da yake na fi son in ce musu manhajar ake jarrabawa, ba su ba, don kada in yi ƙarya.

Ba a bukatar taro. Masanin UX Jakob Nielsen ya nuna tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje a jere da a yi babba guda. Abin lura dai, biyar ɗin su zama irin masu amfani da abin, ba abokanka masu iPhone ba. Waɗanda na gwada da su Tecno da Itel ne a hannunsu, wasu gilashin ya tsage, kuma a rana suke dubawa. Rubutu ruwan toka a kan fari, wanda nake ganin shi ne gayu, ɓacewa yake yi. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1, jagorar Android kuma ta ce wurin dannawa kada ya gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a allon waya). A da ina yi wa waɗannan lambobi kallon takura, yanzu su nake fara dubawa.

Sai matsalar da babu malamin kwas ɗin da ya ambata: ɓ, ɗ da ƙ. Nau'o'in rubutu masu kyau da yawa ba su da su, sai harafin ya fito a wata siffa dabam ko ya zama akwati. Nau'in rubutun Noto na Google yana da su. Haka kuma jimlar Hausa ta kan fi ta Turanci tsawo, maɓallin da aka auna da kalma ɗaya sai ya kasa ɗaukar uku. Tun daga zanen fensir nake sa rubutun Hausa na gaske yanzu.

Game da takardar shaida, ra'ayina ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. A lokacin, ɗalibai 'yan'uwanka ne ke duba ayyukanka, wani ya karanta da gaske, wani ya ba ka cikakken maki bai buɗe ba. Masu ɗaukar aiki da na zauna da su kundin ayyuka suka nema, kuma ba su tsaya kan kyan shafukan ba. Tambayarsu ita ce me ya sa na cire alamar layuka ukun na sa kalmomi a ƙasan allo, kuma wa na gwada da shi. Ɗayansu ya tambaye ni ko mai rubuta manhaja zai iya gina abin da na zana ba tare da ya cinye data ba, shi ya sa a watannin nan HTML da CSS, harsunan gina shafukan intanet, nake bi da dare.