Daddawar kalwa ba ta son gaggawa

Kwano biyu na kalwa nake ɗorawa a lokaci guda, domin idan ta yi kaɗan ba ta riƙe zafi bayan an rufe ta. Ta bana nake nema, wadda aka wanke garin ɗorawar jikinta ta bushe sarai. Wadda ta daɗe a ajiye tana cin itace kafin ta yi laushi.

Dafuwar farko ce mai wahala. Nakan ɗora da la'asar ta kwana a wuta, awa 12 ko fiye, ina ƙara ruwa duk sanda ya ja baya. Idan na matsa ƙwaya da yatsu ɓawon ya saluɓe, ta yi. Sai turmi, da ɗan toka. Surfe ake yi a hankali, ba daka ba, in ba haka ba ƙwayar ta farfashe ta bi ruwan wanki. A wanke a kwando, a tsince sauran ɓawo da tsakuwa, don ɓawon da ya saura ɗaci yake sa wa miya.

Daga nan a sake dafawa awa ɗaya zuwa biyu da ɗan gutsuren kanwa. A nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu: sai su bari ta huce. Da zafinta ake tsanewa, a juye a kwandon da aka shimfiɗa wa ganye, a lulluɓe da buhu, a danne, a kai ɗaki mai ɗumi. Ba gishiri, ba leƙe. Idan ruwa ya yi mata yawa ruɓewa take yi. Kwana uku ya isa, amma da hunturu nakan ƙara ɗaya. Idan ta yi duhu, ta yi yauƙi, warinta ya hau kai, ta nuna.

Abin da ke damuna, itatuwan ɗorawa na tafiya a buhunan gawayi, 'yan mata kuma sun fi sanin ɗanɗanon dunƙule. Shi ya sa ranar buɗewa nake kiran yaran gida su shaƙa, su taɓa, don wannan ba ya koyuwa da baki.

Sai a kirɓa, a mulmula, a danna ta yi faɗi, a shanya har cikinta ya bushe. Idan da sauran danshi, fumfuna ce za ta biyo baya.