Inda muke samo ma'auni kafin mu yanka ƙarfe

Atiliyena yana nan Yamai, ba nisa da kasuwar Katako. Injin niƙa muke ƙerawa da na ɓarar gyaɗa, muna kuma gyaran na sussukar hatsi. Ba mu da yawa: ni, mai walda, mai tur (injin fere ƙarfe), sai yara aparanti.

Yawancin masu wannan sana'a a garin nan da ido suka koya. A kawo inji daga Kano ko Sin, a kwance shi, a ɗora kowane ɓangare bisa ƙarfe, a zagaye da alli, a yanka. Ban raina wannan ba, ya ciyar da gidaje da yawa. Sai dai siffa kaɗai ido yake kwafowa. Ba ya gaya maka irin ƙarfen da aka sa, ko sau nawa sandar inji za ta juya a minti. Shi ya sa ake kai inji ƙauye, kafin wata kakar ta zagayo ya tsaya, matan da suka yi adashi suka saye shi su koma ga turmi.

Littafin da ba ya barin teburina shi ne Guide du dessinateur industriel na André Chevalier, wanda duk ɗan lise teknik ya sani. Takardun ƙa'ida na ISO, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, sayar da su ake yi, da tsada kuwa, amma jadawalin da ƙaramin maƙeri yake bukata yana cikin wannan littafi. Bayansa sai kundin kamfanonin rulma, wato boris, irin su SKF, da ake saukewa kyauta a intanet. Na sauke, na kai aka buga mini shafukan da nake so, aka ɗinke, saboda wayar da ke hannu mai baƙin mai ba ta daɗewa.

A ɗauki rulma mai lamba 6205, wadda muke sawa kullum. Lambobi biyu na ƙarshe, idan ka ninka su sau 5, su ne faɗin ramin: milimita 25. Kundin zai ƙara maka cewa bayanta 52 ne, kaurinta 15. Abin da ido ba zai taɓa ba ka ba shi ne yadda za a fere sandar da za ta shiga ramin. Idan zane ya ce k6, sandar za ta ɗara milimita 25 da kashi 2 zuwa 15 cikin 1,000 na milimita, ba ƙari ba ragi. Yaro zai fere ta, ya zura rulma da hannu ta wuce sumul, ya zo da murna: "Maigida, ta shiga!" Sai in miƙa masa mikiromita, ma'aunin kauri mai kama ɗan ƙanƙanin bambanci, in ce ya auna da kansa. Wadda ta shiga da sauƙi haka za ta riƙa zamewa bisa sandar tana cin ta, ga ƙurar garin hatsi, ga zafin watan Afrilu.

Haka batun bulon. Lambar 8.8 da ke kansa ƙarfinsa take faɗa, ya kuwa ninka na 4.6 wajen jure ja. A Katako duka a kwano ɗaya za ka same su. Ga kuma tarkon da ke tsakanin bulon M12 da bulon mai rabin inci na injunan Ingila da Amurka: kaurinsu kusan ɗaya, milimita 12 da 12.7, amma tazarar haƙoransu daban. Noti zai kama kaɗan ya cije, mai gaggawa ya matse da ƙarfi ya kashe haƙorin.

Da na so in gyara injin sussuka don ya rage fasa ƙwaya, littattafan nan ba su wadatar ba, dole na shiga neman binciken jami'a. Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, nake fara buɗewa, sannan HAL, rumbun Faransa na kyauta, da AJOL mai tara mujallun Afirka. Da Faransanci abin da ake samu kan hatsi kaɗan ne. Da Ingilishi ya fi yawa, domin jami'o'in arewacin Najeriya, musamman cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, sun daɗe suna aiki kan irin waɗannan injuna, kuma geronsu namu ne. Amma ba kowace takarda nake yarda da ita ba. Ina duba ko sun faɗi danshin hatsin da suka gwada, da gudun gangar sussuka, da yawan abin da suka zuba. Wanda ya gwada kwano biyu ya ce injinsa ya yi, bai ga ranar kasuwa ba. Idan gudun ya tabbata, sauran lissafi ne: moto mai juyi 1,450 a minti, da fuli (ƙafar da bel ke hawa) mai milimita 100 a kansa da mai 200 a kan ganga, zai juya gangar sau 725 a minti.

Wata taskar da ƴan'uwa maƙera ba su cika sani ba ita ce Espacenet, inda ake ganin takardun mallakar ƙirƙira da zanensu kyauta. Kariyar da takardar mallaka ke bayarwa shekara 20 take yi, bayan nan kowa na iya amfani da dabarar.

Abin da ke ci mini rai shi ne na gida. Ɗaliban EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, da na Jami'ar Abdou Moumouni suna rubuta kundin kammala karatu duk shekara, wasu a kan matsalolin da muke fama da su a atiliye, amma maƙeri bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya karanta ba. Duk ɗalibin da ya zo koyon aiki wurina, sharaɗina guda ne: idan ya gama, ya kawo mini kwafin kundinsa, ya kuma zauna da mai tur ɗinmu ya bayyana masa lissafin da Hausa.