Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a kan aikin Haskell

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdulillahi, aikin nan na Haskell, wato yaren rubuta shirin kwamfuta, da ya hana ni barci ya kammala, har an karɓa. Bai dace in yi shiru ba, domin hannu da yawa ne ya ɗauke shi.

A ido aikin ba shi da girma: shirin kwamfuta ya karɓi layuka da dama daga mai amfani, ya tara lambobin da ke ciki. Sai dai Haskell ba ta da madauki, wato hanyar maimaita umarni, irin wanda muka saba da shi a Python ko C, ga getLine kuma, mai karanto abin da mai amfani ya rubuta, layi ɗaya tak take ɗaukowa.

Godiyata ta farko ga Malam, wanda ya zauna da ni bayan an tashi daga darasi. Shi ya fahimtar da ni cewa getLine nau'inta IO String ne, wato umarnin a je a karanto rubutu, shi kuwa rubutun sai an ciro shi da alamar <- a cikin do, sashen da ake jera umarni. Ya ce idan layin farko ya faɗi adadin layukan da ke tafe, replicateM ta cikin Control.Monad, mai maimaita umarni sau adadin da aka ba ta, ta wadatar. Idan ba a san adadin ba, sai a rubuta aikin da zai riƙa kiran kansa, yana tambayar isEOF ko shigarwa ta ƙare kafin kowane karatu, don in getLine ta tarar da shigarwa ta ƙare, nan take shirin zai faɗi. Malam, Allah ya ƙara ilimi da lafiya.

Sai Yaya, wadda ta riga mu shiga wannan fanni. Ita ta kawo getContents da lines: a ɗebo shigarwar gaba ɗaya, a yanka ta layi-layi, a miƙa wa aikin lissafi wanda babu ruwansa da IO, wato karanto rubutu ko fitar da shi. Ni dai wannan hanyar ta fi kwanta mini, don karatu yana gefe guda, lissafi yana nasa gefen, ana iya gwada shi shi kaɗai a GHCi, wurin gwada Haskell kai tsaye. Ta kuma ja mini kunne cewa da zarar an kira getContents, getLine ba za ta sake samun komai daga stdin, wato mashigar rubutun mai amfani, ba, kuskure za ta jefo. Kuma shirin zai yi ta jira har sai an danna Ctrl+D a Linux, ko Ctrl+Z da Enter a Windows. Yaya, Allah ya bar zumunci.

Abokin karatuna ma ya yi ɗawainiya cikin dare. Tambayar da shirin ke yi wa mai amfani ta ƙi fitowa a allo sai bayan an gama rubutu. Ya ce a sa hFlush stdout, mai tura rubutun da ke jira zuwa allo, bayan putStr da ke buga tambayar, sai ga ta. Shi ne kuma ya sauya read, mai mayar da rubutu lamba, da readMaybe ta Text.Read, yanzu ko mutum ya rubuta harafi a gurbin lamba, Nothing ake samu, wato babu komai, shirin ya tsallake layin ya ci gaba. Malam ya gwada shi da layi babu komai a ciki, bai faɗi ba.

Allah ya saka muku da mafificin alheri baki ɗaya.