Daga Kano Zuwa Barikin Ladi: Yini Guda A Bakin Ramin Kuza

Da asuba muka bar Kano, muka bi ta Kwanar Dangora, muka ratsa dajin Falgore, sai Saminaka, sai Jingir. Daga nan hanya ta fara hawa, sanyin Jos ya shigo ta taga. Bayan Bukuru kududdufai suka fara bayyana dama da hagu, ragowar haƙar kuzar zamanin Turawa, ruwansu kwance luf kamar ba su taɓa cin kowa ba.

Wani ramin kuza ne ya kawo mu, kusa da Barikin Ladi, watan Agusta, ruwa na tsakiya. Injiniyan ƙasa da duwatsu na wurin bai kai mu cikin ramin ba tukuna. Bayan ramin muka zaga, yana tafe yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da kuɗi. Tsaga yake nema. Galibi bangon rami ba ya zaftarewa sai ya fara buɗe baki a sama. Ya nuna mana wata, faɗinta bai wuce yatsa biyu ba, an kafa turaku biyu a gefe da gefe. Kullum da safe a auna tsakaninsu a rubuta. In ƙarin yau ya fi na jiya, na jiya ya fi na shekaranjiya, a fitar da kowa daga ƙasa, ba sai an jira oga ba.

Bangon kansa hawa-hawa ne: marmara a sama, yumɓu a tsakiya, can ƙasa tsakuwa da yashi masu ɗauke da kuza. Marmara ce mai yaudara. Tana tsayawa cak kamar katanga, amma a kan yumɓu take zaune, shi kuwa da ya sha ruwa ya zama sabulu. Shi ya sa ake yanka bangon matakala-matakala, a ja lambatu a sama don kada ruwan sama ya shiga tsaga, a kuma binne bututu ana duba inda ruwan ƙasa ya kai. Lissafin da ake so shi ne ƙarfin da ke riƙe bango ya ninka wanda ke jansa sau 1.3 zuwa 1.5.

Na fi daɗewa wurin masu gwajin ƙasa. Guduma ce mai kilo 63.5, a ɗaga ta santimita 76 a sake ta a kan bututun ƙarfe. Santimita 15 na farko ba a lissafa su, sai a ƙirga bugun da ya shigar da 30 na gaba. A yumɓun nan bugu 4 kacal, wato taushi ne. Inda aka taras da dutse kuma sai a ciro shi kamar rake, a jera a akwati, a haɗa tsawon gutsattsarin da suka kai santimita 10 a raba da tsawon abin da aka huda. Ƙasa da kashi 25 cikin ɗari, dutsen ruɓaɓɓe ne.

A hanyar komawa muka tsaya wurin 'yan loto, masu haƙar kuza da hannu. Ramin nasu rijiya ce siririya, a zura mutum da igiya, in ya kai tsakuwa ya yi ta rarake gefe. Ginshiƙan ƙasar da ake bari su riƙe rufi su ma kuza ce a cikinsu, kuma a nan ake yin ɓarnar, domin su ake komawa a kankare.

"Baba, ba kwa tokarawa da itace?" in ji injiniyan.

Dattijon da ke riƙe da igiya ya ce, "Yallaɓai, itacen da kuɗi ake saye."

Injiniyan ya roƙe shi abu biyu da ba su cin ko sisi: a daina tara ƙasar da aka haƙo a bakin rijiya, kuma kada kowa ya sauka washegarin ruwa mai yawa. Hadari ya riga ya haɗo ta gabas, muka kama hanyar Jos.