Neman abinci da fatsar ƙwaron bogi

Mutane in sun ji wai a Amurka akwai masu cin abinci da fatsa sai su ɗauka mutum zai wuni ne a rafi yana kama kifi ana biyansa. Ina! Gayid, wato mai yi wa baƙi jagora, shi ne ma bai cika riƙe sanda ba, aikinsa tuƙa kwale-kwale, kwance zaren da kwastoma ya cukurkuɗe, ɗaura masa ƙugiya, ba shi abincin rana, in ya yi jifa ya maƙale a bishiya kuma ka yi murmushi ka ce ba komai yallaɓai. In ba ka da haƙuri da mutane wallahi ka nemi wata sana'ar.

Ita wannan fatsar ba a sa tana. Ƙugiya ake naɗa wa gashin zakara da na barewa da zare har ta yi kama da ƙwaro, to tunda ba ta da nauyi, igiyar ce ke da nauyin, ita ake wurgawa.

Ni dai ta shagon sayar da kayan fatsa na shigo, kuma ita ce ƙofar da nake nuna wa kowa. A shagon kaya kake sanin wane ƙwaro ke fita a wane wata, kana jin hirar tsofaffin gayid kyauta, masu ɗaukar aiki kuma suna ganinka. A jihar Montana ta Amurka sai da lasisi kuma a ƙarƙashin mai kamfanin jagora za ka yi, sannan kasuwar ta 'yan watannin zafi ce, kuɗin ma wani kaso nasa tukwici ne, shi ya sa sanyi na shigowa wasu suke tsallakawa Ajantina ko Chile inda lokacin ne nasu zafin ke kamawa. Akwai kuma kamfanonin kayan fatsa, Orvis da ke jihar Vermont tun 1856, ko Simms masu wandon shiga ruwa a garin Bozeman na Montana, amma can ma sai an san ka. Abin da ya ban mamaki, ƙwarin da muke sayarwa da yawansu a Kenya da Tailan ake ɗaure su da hannu. Kuma kar ka ce abin na Turawa ne kawai, a kogin Faro na arewacin Kamaru akwai masu biyan kuɗi su zo su kama giwan ruwa da dare da wannan salon.

In koyo za ka fara, sanda mai tsawon ƙafa 9 lamba 5 (lambar nauyin igiyar da take ɗauka) ta ishe ka kifin tirawut, wani kifin ruwan sanyi, kar ka zuba kuɗi a mai tsada. Bar ƙoƙarin jifa mai nisa, kifin na kusa da kai, abin da ke korarsa shi ne ƙwaron ya riƙa jan ruwa maimakon ya bi gudun ruwan kamar na gaske. Ɗaga dutse a bakin rafi ka ga me ke manne a ƙasansa, shi suke ci, sai ka zaɓi mai girmansa. Matse ƙayar ƙugiya da filaya, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa kifi in sakinsa za ka yi. Ka riƙa yawo da ma'aunin zafi kuma, ruwa in ya kai digiri 20 a ma'aunin Celsius tirawut na wahala, ko ka sake shi yana iya mutuwa, shi ya sa a Montana in zafi ya yi yawa suke hana fatsa a wasu koguna daga ƙarfe 2 na rana har tsakar dare.