Abin da nazarin zanzaro mai farautar gizo-gizo ya koya mini

A cikin ƙwarin da na yi nazarinsu, babu waɗanda suka gyara mini tunani game da rarrabe halittu kamar dangin zanzaron nan da masana ke kira Pompilidae, wanda aka bayyana kusan nau'i 5,000 daga cikinsa a faɗin duniya. Macen ce kaɗai ke farauta. Idan ta sami gizo-gizo sai ta harbe shi da dafin da ke shanye masa jiki ba tare da ya mutu ba, ta ja shi zuwa rami, sau da yawa tana tafiya da baya, ta saka ƙwai ɗaya tak a jikinsa, sannan ta toshe ramin. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe za ta ci shi a hankali, ta bar sassan da ransa ya dogara a kansu sai a ƙarshe, don kada naman ya ruɓe. Ita kuwa uwar, ruwan furanni ne yawancin abincinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, cin abinci iri ɗaya ba ya nuna dangantaka. Zanzaron da ake kira Sceliphron shi ma gizo-gizo yake kamawa, amma ɗan dangin Sphecidae ne, kuma yakan tara gizo-gizo da yawa a cikin ɗaki ɗaya na laka, alhali a Pompilidae kowace tsutsa gizo-gizo ɗaya take samu. Ginin laka ma ba hujja ba ne, domin Auplopus, wanda ɗan Pompilidae ne na asali, da laka yake gini, har yakan yanke ƙafafun gizo-gizon kafin ya ɗauke shi.

Launi ya fi komai yaudarar ɗalibi. Nau'o'i da dama baƙaƙe ne masu fukafukai ruwan lemo, domin wannan kala gargaɗi ce ga tsuntsaye, kuma gargaɗin gaskiya ne, tunda masanin ƙwari Justin Schmidt ya sanya harbin Pepsis, wani zanzaro na wannan dangi, a mataki na 4, wato ƙololuwar ma'auninsa na zafin harbi. Pepsis, wanda a nahiyoyin Amurka kawai ake samunsa, da Hemipepsis, wanda ya bazu har Afirka da Asiya, sun yi kama ƙwarai, sai an bi jijiyoyin fukafukai a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake raba su. Haka na saba da fara duba tsagar nan miƙaƙƙiya da ta ratsa gefen ƙirji, wadda ita ce babbar alamar dangin, kafin in dubi komai. Aiki ne mai cin lokaci da gajiyar da ido, amma ina ganin duk wanda ya tsallake shi zato kawai yake yi.

Wani bincike na ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2015 ya kasa dangin gida biyar: Pepsinae, Pompilinae, Ceropalinae, Ctenocerinae da Notocyphinae. Wannan rabo ya sa na fahimci masu cin gumin wasu a cikinsu. Macen Ceropales ba ta farauta, sai dai ta laɓaɓa ta cusa ƙwanta a cikin huhun gizo-gizon da wata ta kamo. Evagetes kuma takan tone ramin wata, ta lalata ƙwan da ta tarar, ta saka nata. Ɗabi'ar tasu kusan ɗaya ce, amma ta farko 'yar Ceropalinae ce, ta biyu kuwa 'yar Pompilinae, abin da ke nuna cewa kowacce ta kai ga wannan hali ne ta hanyarta daban.